Otal ɗin da ke kan dutsen Tiga: In an gyara, wa zai kwana a ciki?

A zauren kawuna da ke Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram, akwai wata tsohuwar kalanda da ta shekara da shekaru a jikin bango. Kwanakinta sun daɗe da wucewa, amma ba a cire ta ba saboda hoton da ke jikinta: wani ƙasaitaccen gini a kan dutse, ga ruwa shimfiɗe a ƙasansa iya ganin ido. Muna yara mukan tsaya mu ƙura masa ido, mu yi ta gardamar ko a Makka yake ko a Ingila. Ranar da malaminmu na firamare ya ce mana ai a jiharmu yake, a Tiga, kuma otal ne mai suna Rock Castle, ba mu gaskata ba sai da ya nuna mana wurin a taswira. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Jigawa ba. Gwaram da Birnin Kudu da Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure duk Jihar Kano ce, saboda haka muka tashi muna ɗaukar ginin nan a matsayin namu, ko da yake babu ko ɗayanmu da ya taɓa taka ƙofarsa.

Sai da na kusa cika shekara arba'in sannan Allah Ya nufe ni da ganinsa ido da ido. Wani abokin aikina mai nazarin noman rani ne ya nemi in raka shi Kadawa, da muka kammala abin da ya kai mu sai na roƙe shi mu ƙarasa Tiga. Tun daga nesa na shaida ginin, domin yana nan yadda kalandar ta nuna shi, a tsaye kan dutsensa yana fuskantar ruwa. Shirun wurin ne kawai kalandar ba ta nuna ba. Babu motocin baƙi, babu kai-kawon ma'aikata, babu hayaƙin girki, sai iska da kukan tsuntsaye. A bakin ruwa muka tarar da wani dattijo masunci yana ɗinkin komarsa. Bayan mun gaisa ya tambaya ko otal muka zo gani. Na ce, "Shi muka zo gani, Baba." Ya ɗaga kai ya dubi dutsen, sannan ya ce, "Malam, ai ɗaki da mutum yake rayuwa. Ran da aka daina kwana a cikinsa, ran nan ya fara ciwo."

An sha jin maganar gyara wannan otal, kuma ina cikin masu fatan ganin an gyara shi. Amma maganar dattijon nan ta sa na lura cewa akwai tambayar da ta kamata ta riga maganar kuɗi da kwangila, kuma ba kasafai ake yin ta ba: idan an gyara, wa zai kwana a ciki, me zai kawo shi, kuma wa zai kula da ginin bayan an watse daga bikin buɗewa? Muddin ba a amsa wannan ba, duk abin da aka kashe fenti ne a kan ciwo, bayan shekara goma a dawo inda aka fara.

Yadda aka gina shi

Marigayi Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya mulki Jihar Kano daga 1967, shekarar da aka ƙirƙiro ta, zuwa 1975. Abin da aka fi tuna shi da shi shi ne ruwa. A zamaninsa aka yi madatsar Bagauda, sannan aka yi ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da farin nan na farkon shekarun 1970 ya addabi yankin Sahel, ya halaka dabbobi, ya kori mutane daga garuruwansu. An tsara Tiga ta riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan biyu, kuma daga cikinta ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkamar da muke ci suke fitowa.

Audu Bako bai tsaya ga ruwan noma ba. Ya ga cewa inda aka tara ruwa mai yawa haka, an samar da wurin shaƙatawa, don haka aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka gina Rock Castle a Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. A cikin birni kuma aka yi otal ɗin Daula da gidan namun daji wanda har yau yake ɗauke da sunansa. Tunani ne mai nisa a zamaninsa, kuma akwai baƙin da aka yi dominsu. Kuɗin mai ya fara kwarara bayan 1973, masana'antun Bompai da Sharaɗa suna ta bunƙasa, ƙasar cike take da injiniyoyi da malamai da 'yan kasuwa daga ƙetare, ga kuma manyan ma'aikatan gwamnati waɗanda albashinsu yake isarsu har su yi tunanin hutun ƙarshen mako.

Waɗannan baƙi ne suka ɓace. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin nan na yi wa tattalin arziki garambawul, darajar Naira ta karye. Masana'antu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ƙwararrun ƙetare suka tattara suka koma, ma'aikacin da a da yake iya ɗaukar iyalinsa zuwa bakin ruwa ya koma lissafin buhun masara. Shi kuwa otal, ko akwai baƙo ko babu, kuɗin da yake ci ba ya raguwa sosai: sai an biya albashi, sai an sayi man janareta, sai an tura ruwa sama, sai an yi shara da wanki. Ga kuma cutar da ta zama ruwan dare a otal-otal na gwamnati a duk faɗin ƙasar nan, wato jami'ai su kwana, su ci, su sha, a rubuta bashi a kan ma'aikata, bashin kuma ya kwanta har abada. Wurin da kuɗi ke fita kullum ba ya shiga, ƙarshensa sananne ne.

Yadda gini ke mutuwa

Mutane da yawa suna zaton ginin siminti ba ya buƙatar kulawa. Gaskiyar ita ce mutuwarsa a hankali take zuwa, kuma daga sama take farawa. Ganye da ƙura su toshe magudanar rufi, ruwan damina ya kwanta a kan dakali, ya sami ɗan tsagi ya shiga. Idan ya kai ga rodin da ke cikin kankare sai rodin ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi, sai ta fasa kankaren daga ciki, tsagin ya ƙara faɗi, ruwan baɗi ya sami hanya mafi girma. Tsuntsu ya yar da ƙwallon ɓaure ko na ceɗiya a cikin tsagin, saiwa ta kama, ta ci gaba da buɗa shi. Gara ta shiga ƙofofi da silin, jemagu su mamaye ɗakuna. Daga nan sai ɗan Adam ya zo da nasa: yau a zare wayar lantarki, gobe a kwance famfo, jibi a ɓalle taga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan karin maganar ba ta buƙatar fassara. Abin da ma'aikaci ɗaya da tsintsiya da tsani zai hana a yini guda, shi ne bayan shekara ashirin yake zama kwangilar ɗaruruwan miliyoyi.

Idan aka zo nan sai ka ji masu sharhi suna cewa ai mu ba mu da al'adar gyara. Ban yarda da wannan magana ba, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ba zai yarda da ita ba. A Farin Dutse, da zarar bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowane magidanci zai hau soronsa. A duba indararo a fitar da abin da ya toshe shi, a cike tsagi, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, mai hali ya sa makuba, a duba azara ko gara ta taɓa ta. Ba gwamnati ce take aiko da takarda ba, ba a kuma kafa kwamiti. Mutum ya san idan bai yi ba, shi da 'ya'yansa ruwa zai zuba wa a ka. Da irin wannan kulawa ta shekara-shekara gine-ginen ƙasa irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suka kai yau, alhali gine-ginen siminti da aka yi bayansu da shekaru masu yawa sun zama kufai. A Djenne ta ƙasar Mali, mutanen gari ne suke fitowa kwansu da kwarkwatarsu duk shekara su yaɓe babban masallacinsu, har abin ya zama biki.

Ashe ke nan mun iya gyara. Abin da ya bambanta soron kawuna da otal ɗin gwamnati shi ne, soron yana da wanda ruwa zai jiƙa idan ya yi yoyo, otal ɗin kuwa ba shi da shi. Manajan da aka turo daga ma'aikata ya san albashinsa zai zo ko ɗakuna sun cika ko ba su cika ba, ya kuma san za a iya ɗauke shi gobe. Kwamishina ya san wa'adinsa gajere ne, kuma sabon gini ya fi gyaran tsoho jan hankalin masu ɗaukar hoto. Kowa yana da hannu a wurin, amma babu mai asara.

Sunan da ya ɓaci

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa a fili ba. A kunnen Bahaushe kalmar otal ba ta da daɗin ji. Shekaru da yawa ana danganta ta da giya da mata masu zaman kansu, har ya zama idan aka ce an ga wane a otal, ba yabo ake nufi ba. Saboda haka lokacin da waɗannan wurare suka fara lalacewa, jama'a ba su ji an taɓa wani abu nasu ba. Da masallaci ne ko makaranta ko kasuwa, da an yi ta kai kuka gidan rediyo. Wasu ma suna ganin mutuwar otal ɗin gwamnati rage ɓarna ce.

Ba na raina wannan damuwa, domin tana da tushe. Sai dai ya kamata mu tuna cewa saukar baƙi tsohuwar sana'armu ce, ba Bature ya kawo mana ita ba. Fataken da suka yi ta safarar goro daga Gwanja zuwa Kano, da masu kai kanwa da gishiri da fatu, a zango suke yada kaya, kuma har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Accra sunan zango suke amsawa. A kowane babban gari akwai fatoma, mai masaukin da yake karɓar baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya kuma sami la'adarsa. Mutuncinsa shi ne jarinsa. Al'ummar da take cewa baƙonka annabinka ba za a ce ba ta san darajar masauki ba. Abin da ya faru shi ne, an gina mana masaukai na zamani a kan tsarin rayuwar wasu, da waɗancan suka tafi ba mu sake tsara su a kan tamu ba. Tun shekarar 2000 Kano da Jigawa suke aiki da shari'ar Musulunci, don haka babu abin da zai hana a tafiyar da Rock Castle a matsayin masaukin iyali, wanda magidanci zai kai matarsa da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Otal-otal masu zaman kansu da yawa a Kano a kan wannan tsari suke, kuma suna samun ciniki.

Makomar 'yan uwansa

Mai son sanin abin da ke jiran Rock Castle sai ya dubi takwarorinsa. Otal ɗin Bagauda ya daina karɓar baƙi, amma an mayar da wurin reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Duk shekara ɗalibai daga sassan ƙasar nan suna zuwa su zauna a can. Ko me za a ce game da halin da gine-ginen suke ciki, wurin yana da masu kwana, yana da masu ƙorafi idan famfo ya lalace, kuma ƙorafin mai kwana shi ne matakin farko na gyara.

Otal ɗin Durbar na Kaduna an gina shi ne domin baƙin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, lokacin da aka yi gagarumin hawan daba a garin. Ya shafe shekaru a rufe ana shari'a a kan mallakarsa, har gwamnatin jihar ta rushe shi a watan Janairun 2020. Otal ɗin Daula kuwa, bayan ya daɗe da durƙushewa, an ba 'yan kasuwa filinsa suka yi sabon gini, sannan a watan Yunin 2023 gwamnatin da ta biyo baya ta rushe abin da aka gina, maganar ta koma kotu. Ba nufina in yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya a waɗannan rigingimu ba. Abin lura a wurina shi ne, ginin da aka bari babu kowa a ciki, a ƙarshe ba a ƙara ganinsa a matsayin gini, filinsa kawai ake gani, kuma daga ranar da ya zama fili tarihinsa ya ƙare.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A birnin Beira na ƙasar Mozambik, Turawan Fotugal sun buɗe wani katafaren otal a tsakiyar shekarun 1950, wanda ake kira Grande Hotel. Bai taɓa samun baƙin da za su riƙe shi ba, aka rufe shi a 1963, yau kuma talakawan da ba su da muhalli ne suke zaune a cikin kangonsa. Kyan gini bai cece shi ba. A ɗaya ɓangaren, ƙasar Sifaniya ta fara wani tsari tun 1928, inda take mayar da tsofaffin fadoji da ganuwoyi da gidajen ibada masaukan baƙi a ƙarƙashin wani kamfani na gwamnati mai suna Paradores, wanda a yau yake da masaukai kusan ɗari. Hikimar ita ce, kuɗin da baƙo ya biya shi yake kula da ginin tarihin, ginin tarihin kuma shi yake jawo baƙon. Kowanne yana riƙe da ɗan uwansa.

Me ya shafi Jigawa?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mutumin Farin Dutse da otal ɗin da ke ƙasar Bebeji? Amsa ta farko ita ce, da dukiyar tsohuwar Jihar Kano aka gina shi, lokacin da iyayenmu suke biyan haraji da jangali a cikinta. Da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ginin ya zauna inda ƙasa ta ajiye shi, amma tarihinsa na mu duka ne. Ruwan da yake kallo ma bai san iyaka ba: daga Tiga yake gangarowa ya haɗu da na Challawa, ya wuce Wudil, ya ratsa Ringim da Haɗeja, ya shayar da fadamun Baturiya da Nguru.

Amsa ta biyu ta fi wannan muhimmanci. Mu a kudancin Jigawa muna da kishiyar matsalar Tiga. Su suna da masauki babu baƙi, mu muna da abin da zai kawo baƙi, ba mu tanadar musu komai ba. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, wasunsu shanu ne marasa tozo, waɗanda ba irin su ake kiwo a yankin yanzu ba. Tun shekarun 1950 masana suka fara rubutu a kansu, cikinsu har da Bernard Fagg, wanda ya yi bayanin duwatsun nan masu amo da ake kaɗawa kamar ganga. Wuraren suna cikin abubuwan tarihi na ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya. Amma sau nawa na tambayi ɗalibaina 'yan asalin yankin ko sun taɓa zuwa, hannun da ke tashi bai fi a ƙirga da yatsu ba. Wanda ya zo daga nesa kuwa, yakan leƙa ne na awa ɗaya ya juya Kano ko Dutse ya kwana, kuɗin abincinsa da na makwancinsa su tafi tare da shi.

Wa zai kwana?

Idan muka zauna jiran Bature mai kyamara, za mu daɗe muna jira, musamman a wannan zamani da labarin rashin tsaro ya yi wa Arewa tambari. Baƙin da za su raya irin waɗannan wurare suna cikinmu. Kano da Jigawa suna da jami'o'i da kwalejoji masu yawa, daga Jami'ar Bayero da ta Wudil zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, kuma kowacce tana yin taruka da bitoci. Ma'aikatu da ƙungiyoyi suna kwasar ma'aikatansu zuwa Kaduna ko Abuja domin taron kwana uku. Makarantun sakandare suna neman inda za su kai ɗalibai yawon buɗe ido. Masu shirya finafinan Hausa kullum suna neman wurin ɗauka mai kyau. Duk wanda ya ga cunkoson gidan namun daji na Kano a ranakun sallah ya san akwai iyalai masu ɗan hali da suke neman inda za su kai yara. Hawan sallar Kano ma, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, yana kawo baƙin da za a iya tsara musu kwana biyu a wajen birni. Waɗannan ba za su biya kuɗin otal ɗin Dubai ba, amma suna nan duk shekara, kuma su ne za su cika ɗakuna.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, kafin komai a tsayar da ruwa. A tura injiniyoyi su duba lafiyar ginshiƙai da rufi, a share magudanai, a toshe yoyo, a sa masu gadi na gaskiya. Wannan ba ya buƙatar jiran mai zuba jari, kuma kowace damina da ta wuce ba a yi shi ba tana ninka kuɗin gyaran gaba.

Na biyu, a tattara tarihin wurin tun masu shi suna raye. Akwai tsofaffin kuku da direbobi da masu karɓar baƙi da magina da suka yi aiki a waɗannan otal-otal, akwai hotuna a cikin akwatunan mutane. Wannan aikinmu ne mu malaman jami'a, kuma na amsa laifinmu: muna tura ɗalibai su rubuta kundin digiri a kan batutuwan da aka maimaita sau ɗari, ga tarihi yana mutuwa a ƙofar gidanmu.

Na uku, a yanke shawarar amfanin da za a yi da wurin kafin a fitar da ko sisi. In masaukin iyali da zauren taro ne, a tsara gyaran a kan haka. In kuma bincike ya nuna ba zai riƙe kansa a matsayin otal zalla ba, a haɗa shi da makarantar koyon aikin masauki da girki, ɗalibai su riƙa koyo a kan baƙi na gaske. Darasin Bagauda ke nan.

Na huɗu, gwamnati ta riƙe mallaka amma ta cire hannunta daga gudanarwa. A ba da haya ta dogon lokaci ga wanda ya san sana'ar, ta hanyar gasa a fili, a buga sharuɗɗan kowa ya gani. A rubuta cewa wani kaso na kuɗin shiga na gyara ne, ba a taɓa shi, a kuma rubuta cewa ba a yanka filin a sayar. Jami'in gwamnati da ya kwana ya biya kamar kowa. Ta haka ne wurin zai sami wanda ruwa zai jiƙa idan rufi ya yi yoyo.

Na biyar, mutanen garin su ga amfaninsa a tukunyarsu. Kifin da za a soya ya fito daga komar masuntan Tiga, kayan miya daga gonakin Kadawa, masu kwale-kwale da masu yi wa baƙi jagora su zama 'ya'yan yankin. Babu mai gadin da ya kai maƙwabcin da yake ci daga wuri.

Ga Jigawa kuwa, shawarata ita ce kada mu yi sha'awar katafaren gini. Abin da Birnin Kudu take buƙata ƙaramin masauki ne mai tsabta, da hanya mai kyau zuwa duwatsun, da matasa 'yan gari da aka koya wa bayanin zanen, da yarjejeniya da makarantu cewa kowane ɗalibin sakandare a jihar zai je sau ɗaya kafin ya gama. Idan baƙi suka yi yawa, masauki zai faɗaɗa da kansa. Jihohin biyu kuma za su iya haɗa hannu su tsara hanya guda, baƙo ya ga badala da Kurmi a Kano, ya kwana a Tiga, ya wuce Birnin Kudu, ya ƙare a Baturiya lokacin da tsuntsayen ƙetare suke sauka da hunturu.

Na san akwai mai cewa, ana fama da yunwa da yaran da ba sa zuwa makaranta da asibitocin da babu magani, wa yake ta otal? Maganarsa tana da nauyi, kuma da za a ce a ɗebi kuɗin magani a yi wa otal ado, da ni ne farkon mai adawa. Shi ya sa na ce aikin gwamnati ya tsaya ga ceton ginin da tsara haya ta gaskiya, sauran kuɗin ɗan kasuwa ya kawo. Amma a tuna cewa an riga an kashe dukiyar talakawa a wurin tun shekara hamsin da suka wuce. Barinsa ya rushe ba tanadi ba ne, asarar abin da aka riga aka biya ce, tare da ayyukan yi da matasan yankin za su iya samu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da na je gida hutun sallar da ta wuce, na tarar kalandar nan ba ta nan. Ɗan kawuna ya ce gara ce ta cinye ta, suka share. Soron kuwa yana nan daram, domin a bazarar bana ma an hau an yaɓe shi, kamar yadda ake yi tun kafin a haife ni. Allah Ya sa masu iko su kai ga ginin da ke kan dutsen Tiga tun ana iya hawa rufinsa da tsani da tsintsiya.